Inda Sanyi Ke Kwanciya a Gonar Lambros

Shekara talatin da ɗaya na yi ina raba wasiƙu a Wirrabel da gonakin da ke kewaye da ita, kuma duk tsawon shekarun nan ban ga mai taurin kai irin Lambros Kalamaras ba. Ban kuma ga wanda ya fi shi zaman kaɗaici ba. Akwatin wasiƙarsa tsohuwar garwar man zaitun ce da ya kafa a kan turke, abin da nake jefawa a ciki kuwa bai wuce jaridar manoma da tallan maganin feshi ba. Ko katin Kirsimeti ɗaya ban taɓa kai masa ba. A watan Disamba har nauyin tsayawa a ƙofarsa nake ji, ga motata cike da jajayen ambulan na sauran mutane.

Gonarsa ta lemu ce, a kan gangaren da ke sauka zuwa kogin Murray. Asali gona ɗaya ce ta mahaifinsu, wanda ya zo daga Girka bayan yaƙi da akwati ɗaya. Da tsohon ya rasu aka raba ta biyu. Rabin tudu ya faɗa wa Lambros, shi ne babba, rabin gangare kuma ya faɗa wa ƙaninsa Fotis. Mutanen gari suka hutar da kansu, suka koma ce musu Na Sama da Na Ƙasa.

Abin da ya raba su ɓaure ne. Ku yi dariyarku, ni ma na yi. Mahaifinsu ya zo da reshen daga ƙauyensu a naɗe cikin jiƙaƙƙiyar safa, ya dasa shi a tsakiyar gona, sai rabon gado ya sa iyaka ta bi ta gindinsa. Shekara guda bayan jana'iza, Fotis yana shimfiɗa bututun ban-ruwa, itacen ya tare masa hanya, ya sa tarakta ya tumɓuke shi bai shawarci kowa ba. Lambros ya sauko ya tarar da saiwoyi suna kallon sama. Nan take ya ɗauke ƙanin nasa da mari a gaban matarsa da 'yarsa. Washegari ya tafi Renmark ya cika akori-kurarsa da dashen kiparisi guda saba'in, dogon itacen nan mai duhun ganye tun daga ƙasa har ƙoli, wanda Girkawa ke shukawa a maƙabarta. Ya jera su a kan iyaka kusa da kusa, don kada idonsa ya ƙara sauka a kan rufin gidan Fotis.

To, a nan ne fushi ya rufe masa ido, don ɗan manomin lemu bai kamata ya yi wannan kuskuren ba. Kowa a gaɓar kogin nan ya san yadda sanyi ke tafiya. A watan Yuni da Yuli, lokacin hunturunmu a nan, idan sama ta yi garau ba gajimare, iska kuma ta ɗauke, ƙasa takan saki duk zafin da ta sha da rana, ya yi sama ba mai tare shi. Iskar da ke dab da ƙasa sai ta yi sanyi, ta yi nauyi, ta fara gangarowa a hankali kamar ruwan da aka zubar a tsakar gida. Idan hanya a buɗe take, ta wuce kogi. Idan ta tarar da abin da ya tare ta, ta taru a wurin ta kwanta. Shi ya sa ba a yin shinge a ƙasan gona. Lambros ya gina wa sanyi madatsa da hannunsa, kuma a cikin gonarsa tafkin ya taru.

Shekarun farko ba a ga komai ba, itatuwan ƙanana ne. Da suka kai tsayin mutum biyu suka haɗe da juna, sai raɓa ta fara daskarewa fari fat a layukansa na ƙasa. Lemun da sanyi ya daka munafuki ne. A waje jawur da shi gwanin sha'awa, ka yanka ka tarar da cikin a bushe kamar soso. Da layi biyu aka fara, aka koma huɗu, a ƙarshe aka kai tara cikin layi ashirin da shida. A ƙetaren shingen kuwa lemun Fotis lafiya lau, ko ganye bai ƙone ba. Maganin abin a fili yake: a sare itace goma daga tsakiya, sanyi ya samu ƙofa. Sai dai ƙofar nan a kan gonar Fotis za ta buɗe.

Tsiya kam ya sha ta. Wata Asabar na tarar da shi a shagon kayan gona tare da Gurdial, maƙwabcinsa na yamma, mutumin da bakinsa ba ya gajiya.

"A'a, ga sarkin ƙanƙara!" in ji Gurdial. "Baba Lambros, bana buhu nawa na soso za ka kawo kasuwa? Uwargida na neman na wanke-wanke."

"Ka ce ta yi da gemunka, ya fi laushi."

"Wallahi da gaske nake. Injin yankan itace na cikin motata, har mai na zuba masa. Awa biyu mun gama, ko shayi ba sai ka ba ni ba."

"Ka taɓa min reshe ɗaya ka ga yadda tsoho ke gudu da fartanya."

"Haba Baba! Shekara ashirin da biyar kana fushi a kan ɓaure? Ɓauren ma da yana da baki da tuni ya ce a bar maganar."

Lambros ya saɓi buhun takinsa ya fita. Duk muka yi dariya, har da ni. Abin da muka ɗauka shi ne mutumin nan ya gwammace lemunsa ya lalace da ya hango hayaƙin gidan ƙaninsa. Na ce a raina wannan ba fushi ba ne kuma, ciwo ne.

Bai taɓa aure ba. An ce akwai wata a Mildura da aka yi maganarta yana saurayi, ban san inda abin ya tsaya ba, ban kuma tambaya ba. Gidansa ɗaki biyu ne na kwano, kujera ɗaya a baranda, kofi biyu a kan kanta. Coci sai ranar Ista yake zuwa, ya tsaya can baya kusa da ƙofa, Fotis da iyalinsa suna gaba, kafin a tashi ya sulale. Rediyonsa ba ta kama komai sai rahoton yanayi, kuma musu yake yi da ita da ƙarfi kamar mai rahoton yana jin sa. Kofi na biyun nan nawa ne. Ran Alhamis idan na kawo jarida yakan dafa gahawa mai kauri irin tasu, wadda rabinta laka ce, in zauna a kan matakala in sha, shi kuma ya yi min karatun iska. Ina jin duk mako ni kaɗai ce nake jin muryarsa fiye da minti biyu.

"Ku kuna tsammani iska abu ɗaya ce, Noeleen," yakan ce. "Hawa-hawa ce kamar bene."

A bayan gidansa akwai tsohuwar hasumiyar ƙarfe ta injin ɗaga ruwa, injin ya mutu tun zamanin mahaifinsa. A jikinta ya ɗaure ma'aunin zafi uku, ɗaya daidai gwiwa, ɗaya daidai kai, ɗaya can ƙoli. Yana da shekara saba'in amma kullum da sassafe sai ya hau tsanin nan ya duba.

"Yau gwiwata tana cikin digiri uku ƙasa da sifiri," in ji shi wata rana. "A ƙoli kuwa huɗu sama da sifiri. Kin ji? Digiri bakwai tsakanin ƙafata da inda hankaka ke zama. Ɗumin bai tafi ko'ina ba, yana nan sama da kanmu kaɗan, yana kallonmu muna daskarewa."

"To ka koma can da zama mana, ka huta."

"Kada ki ga kamar wasa. Idan kika wuce wannan hawan sai sanyi ya dawo, kina hawa yana ƙaruwa, har inda jiragen Sydney ke bi. Can ko yawu kika tofa kafin ya bar bakinki ya zama dutse. Ki ƙara hawa kuma, sai a sake samun ɗumi. Sama da nan iskar ta yi siriri, ba ta iya riƙe komai."

"Kai ka je ka gani?"

"Ke kin taɓa ganin cikin wasiƙun da kike rabawa? Amma kin san akwai rubutu a ciki."

Na ce masa wasu na sha gani, ya yi dariya har da tari. Da wuya a ji dariyarsa.

Duk dabarar da manomi ke yi wa sanyi yana yi. Idan ya ga alamar za a yi, kwana biyu kafin nan yakan ba gonar ruwa, don jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi busasshiya riƙe zafin rana. Ciyawa ba ya barin ko tsinke a tsakanin layuka, wai bargo ce da ke hana ƙasa shan rana. Yana kuma da ƙatuwar fanka a kan dogon ƙarfe, mai injin dizal, wadda ke jawo ɗumin sama ta gauraya shi da sanyin ƙasa. Idan ya tashe ta duk kwarin sai ya sani. Tana taimakon layukan tudu, amma tafkin da ke gindin shinge ya fi ƙarfinta.

Gaskiyar maganar na gano ta ne wata safiyar Yuli. Ruwa ya cinye hanyar da na saba farawa da ita, sai na juya zagayen, na iso gidansa rana tana fitowa. Na hango hayaƙi a cikin lemu, na ce gobara. Na bar mota a kunne na bi layi da gudu, ciyawar bakin hanya tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmina.

Ba gobara ba ce. Jiƙaƙƙen hakin alkama ya cusa a gwangwani ya kunna a saman gona. Hayaƙin bai tashi sama ba. Kwanciya ya yi daidai gwiwa, yana rarrafe tsakanin itatuwa yana gangarawa, Lambros yana bin sa a baya da damin rassa a kafaɗa da tsofaffin buhuna. Da hayaƙin ya isa shinge sai ya tsaya, ya taru, ya yi ta kumbura. Amma a wuri ɗaya, can wajen hagu, wani siririn zare yana zurarewa ta ƙarƙashi. Nan Lambros ya durƙusa ya fara cusa rassa.

"Me kake yi haka?" na ce.

Ya zabura. Bai ji zuwana ba. "Kangaru ne suka huda."

"To ai alheri suka yi maka! Ka bar shi ya wuce mana. Kai da ya kamata ka faɗaɗa ramin, toshewa kake yi?"

Ya ci gaba da cusa buhu a ramin. Hannuwansa sun yi ja. Na tsaya a kansa, don ni ma ina da nawa taurin kan, kuma ƙafafuna sun fara mutuwa da sanyi, raina a ɓace.

"Lambros, ba zan tafi ba sai ka gaya min. Ko dai ka fara taɓuwa ne mu sani?"

Ya ja buhun da ya cusa, ya ce, "Durƙusa ki leƙa."

Na durƙusa. Ta cikin ramin na hango ƙananan itatuwan lemu, tsayinsu bai wuce ƙuguna ba, an naɗe gindin kowanne da farar takarda. Ganyensu kore shar, ko ɗigon fari babu.

"Dashen shekara biyu ne," in ji shi. "Sanyi irin na yau sau ɗaya ya ishe su. Gonar wancan kwari ce, Noeleen, kamar kwano take, bakin kogin ya ɗan ɗaga. Ni layi tara nake rasawa. Shi idan na buɗe, duka zai rasa. Yana da iyali."

"Tun yaushe ka san haka?"

"Shekara ta takwas da shuka shingen nan. Na kawo gatari har nan, na ɗaga. Sai na ji 'yarsa Katina a ƙetare tana koyon keke, tana ihu, uwar tana dariya." Ya mayar da buhun ya danna da ƙafa. "Na koma da gatarina."

"To ka zagaya ka gaya masa mana! Minti biyar ne a mota."

"In ce masa me? Na mare ka a gaban matarka, amma ga shi ina shan sanyinka, ka gode min?" Ya miƙe da ƙyar yana dafa gwiwa. "Idan kika gaya wa wani, wallahi na tumɓuke garwar nan, ki riƙa kai wa kogi jaridata."

Na koma mota na zauna, na kasa tuƙi. Kuka na yi, ba zan ɓoye ba, kuma rabinsa haushi ne. Mutum ya kai shekara saba'in, duk son da yake yi wa ɗan'uwansa ba shi da hanyar nuna shi sai ta toshe ramin kangaru da buhu. Na tuna yadda aka ce ranar Ista ana ganinsa tsaye a gindin shingen nan da yamma, lokacin da ƙanshin gasasshen rago ke ƙetarowa daga gidan Fotis, mu kuma muna cewa duba lemu yake.

Daga garwar Lambros zuwa akwatin Fotis tsayawa ɗaya ce a zagayena. Akwatin Fotis kullum a cike, katunan biki, hotunan jikoki, wasiƙu daga Girka. Shi mutum ne mai fara'a da son hira, ba ya barin in wuce sai ya cusa min lemu ta taga. Sunan wansa ba ya fitowa daga bakinsa, iyaka ya ce, "Fankar Na Sama ta hana mu barci jiya," ya ɗan kalli shingen, ya canja magana. Sau da yawa maganar tana zuwa min har baki in haɗiye. Shekara shida na yi ina haɗiyewa, kuma har yau ban san ko daidai na yi ba.

Matar Fotis ta rasu a shekara ta biyar da fara haɗiyewar nan tawa. Lambros ya zo jana'izar ya tsaya a wajen katangar maƙabarta da hularsa a hannu, bai shiga ba. Shekara na zagayowa ɓarin jikin Fotis ya shanye. Katina, wadda yanzu malamar asibiti ce a Adelaide, ta zo ta yi wata biyu, ta ga ba yadda za a yi. Ta sayar da gonar ga wani kamfanin sola, ta samar wa mahaifinta ɗaki a gidan kula da tsofaffi kusa da ita.

Ranar da za su tafi na kawo takardar canja adireshi. Katina tana loda kaya. Fotis yana baranda a keken marasa lafiya, bargo a cinyarsa, an juya shi yana fuskantar shingen. Kiparisin sun kai tsayin bene mai hawa uku, baƙi ƙirin, sun tare rabin sama. Na miƙa masa biro, ya sa hannu da hagu. Sai kawai na ji sirrin da na riƙe ya ishe ni.

"Fotis, akwai abin da ya kamata ka sani game da itatuwan nan kafin ka tafi."

"Na sani." Maganarsa ta yi nauyi, sai an kasa kunne.

"Ba ka san abin da zan ce ba."

"Ni ma ɗan babana ne, Noeleen. Kina tsammani ban san ta inda sanyi ke bi ba? Duk safiyar da aka yi shi ina jin takun Yaya a bayan itatuwan nan, yana toshe-toshe yana tari. Har zagin da yake yi wa kangaru ina ji."

Ban yi masa da sauƙi ba, ciwo ko ba ciwo. "Shekara ashirin da wani abu kana jin sa, ka kasa ɗaga murya ka ce sannu?"

Ya sunkuyar da kai. "Da farko don lemuna na yi shiru. Gaskiya ke nan. Na ce idan na gode masa zai sare su, don kada a ce ya yi min alheri. Na san halinsa. Ina da dashe, ina da yarinya a makaranta." Ya goge gefen bakinsa da bargon. "Daga baya kuma kunya ce. Kowace shekara abin da zan gode a kai yana ƙaruwa, har ya fi ƙarfin bakina."

Katina ta tsaya da kwali a hannu, ashe tana ji. "Baba, in je in ɗauko Baffa? Yanzu zan dawo."

Ya daɗe yana kallon shingen. Na tabbata zai ce to, har na fara laluben makullin motata.

"Bar shi," ya ce. "Kada ya gan ni haka." Sannan ya juyo gare ni. "Ki ce masa ya sare. Ba sauran kowa a ƙasa."

Na zagaya gidan Lambros. Ba ya baranda, ba ya cikin lemu. Sai da na ɗaga kai na gan shi a ƙolin hasumiya, da tsakar rana, lokacin da ba abin da ma'auni zai gaya wa kowa. Ranar ce na gane daga can ana hango tsakar gidan Fotis ta saman shinge. Bai sauko ba sai da ƙurar motar Katina ta kwanta a kan hanya.

Na gaya masa saƙon. Ya ce, "Shi ke nan abin da ya ce?"

Na gaya masa sauran, ban rage komai ba, har da cewa ni na fara buɗe baki. Na jira ya tumɓuke garwar. Ya zauna a kan matakalar ƙarshe ta tsanin yana kallon hannuwansa.

"Ɗan banza," ya ce a hankali. "Tun yana yaro haka yake. Sai ya bari ka gama ɗaukar kayan, sannan ya ce ai dama ya gani."

Katafila ta zo a watan Maris. Kwana huɗu aka yi ana tumɓuke lemun Fotis, aka tara shi tudu-tudu aka cinna wuta. Lambros bai fito ba. Sai a watan Mayu, da safiya ta fara cizo, ya aika aka kira Gurdial. Ina wurin, Alhamis ce. Gurdial ya sauko da injinsa yana murmushi, ya buɗe baki zai fara tsiyarsa, ya dubi fuskar tsohon, ya rufe. Itace goma sha biyu suka kayar daga tsakiya. Da na ƙarshe ya faɗi sai haske ya shigo. Ta ƙofar muka ga jar ƙasa fili fetal, an kakkafa turakun ƙarfe a jere, ga gidan Fotis an rufe tagoginsa da katako. Lambros ya tsaya yana kallo. Shekara talatin da ɗaya ke nan rabon da ya ga ƙofar gidan nan daga ƙasa.

Sanyin shekarar ya yi tsanani, gonaki da dama sun ji jiki. Na Lambros kuwa tun daga layin farko har na ashirin da shida ba lemu ɗaya da ya bushe. A rumfar da ake tantance lemu aka yi ta taya shi murna. "Ka gani ko, Baba? Da ka ji magana tun tuni!" Yakan gyaɗa kai kawai. Ni ce nake ganin abin da ba su gani. Ya daina tashi da sassafe. Ma'aunin ƙoli ya karkace, bai hau ya gyara ba. Rediyo ta faɗi abin da take so, ba mai yi mata musu. A wata uku ya tsufa fiye da yadda ya tsufa a shekara goma, kuma na san dalili. Aiki ɗaya yake yi wa ɗan'uwansa a duniya, an ce masa an gode, ya bari.

A watan Agusta na je Adelaide aka duba min ido, na biya ta wurin Fotis. Ban gaya wa Lambros zan je ba, amma a Wirrabel ba a ɓoye tafiya. Da na kawo jarida ya karɓa yana jujjuya ta, bai buɗe ba.

"An ce kin je birni."

"Na je."

"Idon ya yi sauƙi?"

"Da sauƙi. Ka tambayi abin da kake son tambaya, Lambros, ina da sauran gidaje arba'in."

Ya naɗe jaridar. "Yana cin abinci?"

"Yana ci. Yana ƙorafin gahawarsu, wai ruwan wanke kofi ce."

"Gidan bene ne?"

"Hawa uku."

"Shi yana wanne?"

"Ƙasa. Ɗakin ƙarshe, wajen lambu. Da kyau wurin, yana kallon ciyawa."

Fuskarsa ta canja. "Ƙasa? A ƙarshen lambu? Wane mara hankali ne ya sa mai ciwo a nan? A ce su mayar da shi sama. Ko hawa ɗaya ne, da bambanci."

"Akwai na'urar ɗumama ɗaki, Lambros. Ba gonar lemu ba ce."

"Na'ura! Sai an ɗauke wuta ki ga na'ura. Ki gaya wa Katina."

Na zaro takardar da na rubuto lambar wayar ɗakin, wadda na yi kwana uku ina yawo da ita a aljihu. Na miƙa masa. "Ga shi. Wayar tana gefen gadonsa, da hagu yake ɗauka. Ka gaya masa da bakinka."

Ya dubi takardar. Hannunsa ya ɗan ɗago, ya tsaya a hanya, ya koma ya riƙe jaridar da hannu biyu.

"Ke dai ki gaya musu su mayar da shi sama," ya ce. "Kada ki ce ni na ce."